Kawu na Kwana-kwana

A Faggen ƙuruciyarmu akwai sana'o'i biyu da uba ba ya yi wa ɗansa fatan su: dambe da aikin kwana-kwana. Dambe a wurin iyayenmu wasan mahauta ne da 'yan ci-rani. In an biyo ta fagen ana iya tsayawa a ba ido abinci, amma ɗan mutunci ba ya ɗaura zare. Shi kuwa ɗan kwana-kwana, an san hularsa ta ƙarfe da jar motarsa, ana ba shi hanya in ya taho, sai dai ba mai tunawa da shi sai ranar da hayaƙi ya turnuƙe, ranar ma da zagi ake tarbarsa, wai ya makara. Mutumin da nake son ba da labarinsa ya haɗa biyun, sannan ya ɗora wa kansa wani aikin da ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa biyan sa ko sisi: tara yaran unguwa yana koya musu naushi.

Kawu muke ce masa, ko da yake babu wanda ya haɗa jini da shi a cikinmu. Manya kuwa sai su ce "na kwana-kwana", kowa ya san wanda ake nufi. Bazamfare ne, ɗan gidan fawa, ci-rani ya kawo shi Kano tun kafin a raba ƙasa jiha-jiha, ya fara da dakon nama a kwata. Ba dogo ba ne. Wuyansa ne dai kusan faɗinsu ɗaya da kansa, hannunsa na dama kuma ya fi na hagu kauri, cike da tabon tsaga daga wuyan hannu har gwiwa, irin tsagar da ake yi wa 'yan dambe a cusa magani. A gefen wuyansa akwai wani tabon daban, mai sheƙi, wanda kwanon rufi mai zafi ya bar masa. In muna son labari sai mu tambaye shi na hannun. Na wuyan ba ya son a taɓo maganarsa.

Ya yi damben gargajiya lokacin da ake yin sa da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, samari su bi gari-gari da makaɗansu, a share fili a bayan kasuwa, kalangu ya ɗauka, kowa ya ji takensa ya fito yana kirari. Zamanin Shago da Ɗandunawa ke nan, zamanin da Ɗan Anace ya shigar da sunan Shago duk gidan da ke da rediyo. Kawu ya ga Shago da idonsa, yakan ce ya gode wa Allah da bai taɓa sa masa gigin shiga gabansa ba. Ba ya sa wa labarinsa gishiri. In an tambaye shi mutum nawa ya kashe a fage, wato ya kayar, sai ya ce shi waɗanda suka kashe shi ya fi riƙewa, yana iya lissafo su har da garuruwan da abin ya faru.

Safar dambe kuwa a Sabon Gari ya gamu da ita. Shekarun nan ne da damben Turawa ya shiga jinin 'yan Najeriya. Hogan Bassey ya ci kambun duniya a Faris a 1957, Dick Tiger ya karɓe nasa daga hannun Gene Fullmer a 1962 ya kuma sake doke shi a Ibadan a 1963, sannan Nojim Maiyegun ya kawo wa ƙasar lambarta ta farko ta gasar Olamfik, ta tagulla, daga Tokiyo a 1964. Akwai wani mutumin Gabas, ma'aikacin reluwe, da ke horar da samari a tsakar gidan hayar da yake zaune. Shi ne ya ga Kawu yana sauke cinyar bijimi daga kafaɗa kamar ba komai ba, ya kira shi, ya nuna masa cewa hannu biyu Allah ya ba shi, ba dalilin da zai sa ɗaya ya zama na kare fuska kawai. Shi ne kuma ya matsa masa ya nemi aikin kwana-kwana, har ya cika masa takardar da hannunsa, don Kawu a lokacin ajami kaɗai ya iya. Da rikicin 1966 ya ɓarke, mutumin ya sa iyalinsa a jirgin ƙasa, ya kawo wa Kawu safar dambe ta mutum biyu ya ce ya ajiye masa, zai dawo. Yaƙin basasa ya ƙare a 1970, mutanen Gabas da yawa suka dawo Sabon Gari, Kawu ya yi ta cigiya, bai samu wanda ya ba shi labari mai kama hankali ba. Waɗannan safunan ne muka taso muka tarar, fatarsu ta yi laushi, an ɗinke su a wuri fiye da goma. Duk sanda zai miƙa wa yaro sai ya ce, "Bi su a hankali, ɗan nan, ajiyar mutane ce."

Bai taɓa kushe damben gargajiya ba. Har ya tsufa, in ya jiwo kalangu sai ka ga kafaɗarsa tana motsi. Amma mu bai yarda mu ɗaura zare ba. Hujjarsa ita ce a fagen gargajiya ba sikeli, ƙato da ɗan tsurut duk ɗaya ne muddin sun yarda da juna. Ga kuma layu da guraye, waɗanda ya ce ya ɗaura su shekara da shekaru, bai ga ranar da suka hana shi faɗuwa ba in ya bar haɓarsa a buɗe. A na Turawa kuwa sai an auna ku, minti uku ana yi, minti ɗaya ana hutawa, ga alƙali a tsakani wanda in ya ce ya isa, to ya isa. A ganina ya ɗan danne wa na gargajiyar haƙƙi, don shi ma yana da masu rabawa da ƙa'idojinsa, kuma na Turawan ba ƙaramin lahani yake yi wa kan mutum ba in aka daɗe ana shan sa. To amma shi ba muhawara ya zo yi ba. 'Ya'yan mutane ne a hannunsa, kuma ya san ranar da aka fasa wa ɗaya ido, ranar filin zai tashi.

Filin wani kango ne a bayan makarantar firamare, da darbejiya guda a tsakiya. A reshenta ya rataye buhun da ya ɗinka da tsohon tamfol, ya cika shi da yashi da dussar katako. Igiyoyin tsallenmu guntayen igiya ne da aka daina aiki da su a wurin aikinsu. Alhamis da Juma'a, da yake ba makarantar allo, su ne manyan ranaku. Sauran ranakun sai ɗan abin da ya rage tsakanin tashi daga allo da kiran magariba, wanda kuwa ya tsallake allo ya zo fili, Kawu da kansa zai kama kunnensa ya kai shi gaban malam. Sabon yaro ba ya ganin safa. Sai ya yi watanni yana tsallen igiya, yana gudun asuba ta gefen badala, wani lokaci a shiga birni a hau Dala a sauko a sake hawa. Lokacin finafinan Bruce Lee sun cika silima, duk yaron da ya fito daga Plaza ji yake zai iya tarar mutum goma. Irin waɗannan su ne ke fara gudu, don sun zo koyon yadda za su fasa bakin wani sai aka miƙa musu igiya da guga. Guga kuwa dole ne: kafin ka taɓa buhu sai ka cika randar ɗaya daga cikin tsofaffin unguwa da ba su da mai ɗebo musu ruwa, in damina ta gabato kuma a yashe kwatoci. Wanda aka kama da faɗa a waje, hukuncinsa ya zo fili kullum ya zauna yana riƙe wa sauran buta, har sai Kawu ya ga ya huce.

Mahaifina ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, kuma da ya ji inda nake zuwa sai ya hana. Bayan isha Kawu ya yi sallama a zaurenmu, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi, alhali kusan sa'anni ne. Ina daga bayan ƙofa.

"Alhaji, a kan yaron nan na zo."

"Malam, ni karatu na sa shi. Gidan nan ba a taɓa yin ɗan dambe ba."

"Gaskiya ne, Alhaji, ba kuma a kansa za a fara ba, don ba shi da hannun. Amma makon jiya a bakin silima na raba shi da wani, har sun kai ga ɗaukar duwatsu. Faɗan nan zai yi shi, ko an so ko ba a so ba, shekarunsa ne. Gara ya yi a gabana."

Mahaifina ya yi shiru, can ya tambaye shi iyali, ya miƙa masa goro. Bai ce na je ba, bai sake cewa kada na je ba. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai a daren nan shi ne wai ba ni da hannun.

Karatun Kawu da labari yake tafiya. Wasan Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa, a Oktoban 1974, mun ji shi a bakinsa har mun haddace: yadda Ali ya jingina da igiya ya bar ƙaton ya yi ta zuba naushi har ƙarfinsa ya tsiyaye, sannan ya kwantar da shi a zagaye na takwas. In yaro ya ce ai mu nan ba mu da kayan aiki, sai ya kawo masa Issaka Dabore na Nijar, wanda ya ciwo tagulla a Munik a 1972, lambar farko da ƙasarsa ta taɓa samu a Olamfik, ya ce shi a kan katifar zinariya aka haife shi? Amma abin da ya fi sa wa ido a jikinmu numfashi ne. Ba ya kallon hannunka, ƙirjinka yake kallo. Yakan ce wanda ya yi fushi zai riƙe numfashi, wanda ya riƙe numfashi zai gaji, wanda ya gaji kuwa ko yaro ya ture shi. Ya ce a cikin hayaƙi ma haka abin yake, ya ga ƙarti sun zube a bakin ƙofar da suke nema saboda firgita ta cinye musu ɗan iskan da ya rage a ƙirji.

Kusan rabin abin da muka koya a gindin darbejiyar nan sha'anin wuta ne. Wata rana ya zuba kananzir a tsohuwar tasa ya kunna, ya ce wa wani ya kashe da ruwa. Yaron ya sheƙa, wutar ta bi ruwan ta bazu a ƙasa, muka watse. Kawu ya ɗauki jiƙaƙƙen buhu ya rufe ta, nan take ta mutu. Daga nan ya ce wuta abu uku take rayuwa da su, zafi da iska da abin ci, ka raba ta da ɗaya ka gama da ita. Wutar fetur da ta mai a kasko ba a sa musu ruwa, rufewa ake yi ko a zuba yashi. Ta lantarki sai an cire fis tukuna. In hayaƙi ya cika ɗaki a yi rarrafe, don iska mai kyau a ƙasa take, kuma yawancin waɗanda ake fitowa da gawarsu hayaƙi ne ya kashe su tun wuta ba ta iso ba. Hunturu shi ne lokacin da ba ya samun barci. Iska ta bushe, komai ya bushe, tsohuwa ta shiga ɗaki da kaskon wuta ta rufe ƙofa da taga, wani ya sa hita a bokiti aka ɗauke wuta ya manta ya kwanta, tsakar dare a dawo da ita, wata ta kafa kyandir kusa da katifar soso, wata tana ɗura wa risho kananzir yana ci. Duk ya san su ɗaya bayan ɗaya, don ya shiga gidajen bayan an gama.

Maganar makara kuwa, wadda ake jifan su a kanta, ya taɓa warware mana ita daki-daki. A lokacin wayar tarho sai ofis da gidajen attajirai, saboda haka kafin labari ya kai gare su sai wani ya hau keke, kuma mutane ba sa tunanin aikawa sai sun gama gwada nasu ƙoƙarin wutar ta fi ƙarfinsu. Mota ta iso, lungu ya ƙi ta. In ma ya karɓe ta, 'yan kallo sun cika shi. Tankin motar kuma ba kogi ba ne, in aka buɗe mesa da ƙarfi cikin 'yan mintoci ya ƙare, dole a juya a ɗebo, sai ka ji an ɗauka: sun zo ba ruwa. Daga nan sai duwatsu. An taɓa fasa masa goshi a irin wannan, ya zo fili da filasta, muka yi ta kumfar baki za mu je mu rama masa. Ya ce wanda ya jefe shi shagonsa ne ke ci, da dukiyar mutane a ciki, mu bar shi da abin da ya ishe shi.

Maimakon ƙorafi sai ya raba mana aiki. An san mai keken da zai ruga ofishin kwana-kwana da zarar an ga hayaƙi, ba sai an jira kowa ya ce ba. An san masu korar 'yan kallo daga bakin lungu, da wanda zai nemi mita, da masu jera layin bokiti daga rijiya mafi kusa. Na tuna wani dare cikin sanyi da wuta ta tashi a wani gida can ƙuryar lungu, Kawu ma yana bakin aiki. Kafin motarsu ta iso mun fito da tsohuwar gidan da awakinta, manyanmu sun tumɓuke dangar zana da rumfar da ta haɗa gidan da na maƙwabta, yadda ya koya mana, wutar ta rasa abin kamawa. Ɗaki biyu suka ƙone, sauran lungun ya tsira. Da ya sauko daga mota ya ga layin bokiti, bai ce mana sannu ba. Washegari a fili ya yi mana faɗa a kan wani da ya shiga ɗakin ba tare da ya jiƙa rigarsa ba.

Wanda bai zauna a Kano ba yana iya zaton aikin kwana-kwana wuta ce kaɗai. Rijiya da kududdufi suna cin mutane ba kaɗan ba, kuma su ake kira. Kawu ne mai shiga rijiya a rukuninsu saboda ƙarfin hannunsa da gajartarsa. Kafin ya sauka sai ya zura fitilar ƙwai a igiya, in ta mutu a ƙasa to ba iskar shaƙa a ciki. Ya ce abin da ya fi ƙona masa rai shi ne gidan da za a je a tarar da mutum biyu ko uku a rijiya ɗaya: yaro ya faɗa, wansa ya bi shi, uba ya bi su, kowa ya sauka da kyakkyawar niyya ba igiya a ƙugu. Ranar da ya fito da yaro daga kududdufi ba rai, yakan zo fili ya zauna a kan tushen darbejiya bai ce uffan ba, mu yi horonmu mu kaɗai, mu tashi. Daga irin waɗannan ranaku ne ya ɓullo da wata dabara. Shi ba ya iya shiga gidajen mutane, gidajen kulle ne, amma ƙananan cikinmu suna shiga ko'ina. Sai ya mai da su 'yan leƙen rijiya: gidan wane ba murfi, gidan wane bakin rijiyar ya zaizaye. Shi kuma ya tari maigidan a ƙofar masallaci bayan an idar, ya ja shi gefe. Wasu su gode, wasu su ce mene ne ruwansa da cikin gidansu. Wanda ya ce ba shi da hali, Kawu ya samo tsohon kwano da katako, mu je mu buga.

A Disambar 1980 rikicin Maitatsine ya ɓarke a 'Yan Awaki, nan kusa da mu, muna jin harbi kamar a bayan ɗaki. Kafin sojoji su kawo ƙarshen abin an rasa mutum sama da dubu huɗu a ƙididdigar gwamnati. A kwanakin farko 'yan tauri da 'yan farauta sun yi ta ɗaura ɗamara suna nufar wurin, manyan filinmu kuma jininsu ya hau, suna ganin ranar da aka yi musu horo dominta ce ta zo. Kawu ya zo tsakanin aiki da aiki, idonsa jawur, kakinsa na warin hayaƙi, ya tara mu a zauren mai unguwa. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce ya fito daga inda muke son zuwa, ya ga abin da ke kwance a kan hanya, kuma da yawansu sun fi mu ƙarfi da layu. Ya ce duk wanda ya taka wurin, ko ya dawo da rai, kada ya sake ce masa Kawu. Ba wanda ya je.

Siyasar 1983 ce ta yi masa ɓarnar da Maitatsine bai yi ba. Kano ta rabu, Santsi da Taɓo, Malam Aminu ya rasu a watan Afrilu, Rimi ya koma NPP yana neman komawa kujera, Sabo Bakin Zuwo yana PRP, kowane ɓangare kuma yana neman samari masu ƙirji. Wani ɗan siyasar unguwa ya zo fili da mota, ya ce zai sayo safuna sababbi, ya zuba siminti, ya yi rumfa, abin da yake so kawai yaran su riƙa raka shi taro. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ba nawa ba ne balle in ba da aro. Ga gidajen iyayensu nan." Mutumin bai je gidajen iyayen ba, ya bi yaran ɗaya-ɗaya. Yawanci suka ƙi. Amma wanda ya fi mu duka, wani bahago mai ƙafa kamar ba ya taka ƙasa, wanda Kawu ke shirin kaiwa gwajin 'yan wasan jiha, ya karɓa. Maraya ne, a hannun kakarsa yake, kuma kuɗin da aka damƙa masa a rana ɗaya bai taɓa riƙe irinsu ba. Daga rakiyar taro aka koma ɗaukar gora, daga gora aka koma wuƙa da ƙwaya. Sojoji suka karɓe mulki a ranar ƙarshe ta shekarar, 'yan siyasa suka shiga taitayinsu, yaran da aka tara aka bar su da abin da aka koya musu. Kawu ya bi yaron nan har mafakarsu ta daba, ya je belinsa wurin 'yan sanda ba sau ɗaya ba, ya samar masa aikin dako a kwata wurin tsofaffin abokansa. Bai zauna ba. Ƙarshensa a gidan yari aka ce ciwo ya kama shi. Akwai masu cewa Kawu ne ya koya masa naushi tun farko, kuma maganar ta kai kunnensa. Bai musa ba. Abin da na lura shi ne daga shekarar ya ƙara tsawon watannin igiya da guga kafin yaro ya ga safa.

Unguwarmu ba ta rasa manya ba. Akwai malamai, akwai attajirai, akwai 'yan boko masu ƙungiyar ci gaban unguwa da shugaba da ma'aji da takarda mai hatimi, kuma duk taron da aka yi sai an koka da lalacewar tarbiyyar matasa. Ban taɓa ganin an kira Kawu irin wannan taro ba, sai dai in ana bukatar masu jera kujeru, a aika ya turo yaransa. In ana rabon tabarma a ɗaurin aure, tasa tana can baya wajen takalma. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ɗan mahauta ne, baƙo ne, ɗan dambe ne, albashinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Amma in yaro ya gagari uwarsa, ba ƙungiya take aika wa ba. Da daddare za ka ga an turo ƙaramar yarinya da kwanon tuwo, a ce in ji Inna, don Allah a duba mata wane.

Bayan 1986, da tsarin SAP ya karya darajar naira, albashin ya zama ba ya kai rabin wata, ya koma yana taya abokansa fawa ranakun hutu. A damina ta 1988, shekarar da dam ɗin Bagauda ya ɓalle gidajen ƙasa suka yi ta ruftawa a Kano, shi da tsofaffin yaransa ne suka yi ta tono a unguwa, lokacin wasunmu har sun yi aure. Bai daɗe ba ya yi ritaya. Kuɗin fansho su zo yau, su yi watanni ba su zo ba. Hayaƙin da ya sha shekara da shekaru ba abin rufe hanci na kirki ya taso masa a ƙirji, mutumin da ke kallon numfashin kowa ya zama ba ya iya hawa dakalin masallaci sai ya tsaya. Duk da haka bai bar shiga abin da ba a sa shi ba. Lokacin wahalar mai ta shekarun Abaca, da 'yan bumburutu suka cika titi, wani maƙwabcinsa ya mai da shagon jikin gidansa ma'ajiyar jarkokin fetur, ga mai shayi yana hura wuta a ƙofa. Kawu ya yi masa magana a asirce, ya ƙi. Ya kai wa liman, aka ce a yi haƙuri, neman abinci ne. Sai ya ɗauki kujerarsa ya dasa a bakin shagon, duk wanda ya zo saye ya gaya masa abin da zai faru da lungun in tartsatsi ɗaya ya tashi. Aka kai ƙararsa wurin mai unguwa cewa yana kashe wa mutum kasuwa. Mai unguwa ya saurari kowa, ya ce a kwashe jarkokin. Maƙwabcin bai sake gaishe shi ba, ko da yake ya zo jana'iza.

Ya rasu da damina, a farkon shekarun 2000, bai ga gobarar da ta cinye kasuwar Sabon Gari a Maris na 2016 ba, wadda da yana nan da mun sha bayani. A maƙabarta na ga direbobi da teloli da malaman makaranta da wani babban ɗan sanda, da mutum uku cikin kakin kwana-kwana waɗanda duk daga gindin darbejiya suka fito. Kangon an sayar, an sare bishiyar, shaguna ne a wurin yanzu. Safunan nan iyalinsa suka rasa yadda za su yi da su a rabon gado, don ya bar wasiyya cewa ba nasa ba ne, aka tambayi malam ya ce a ci gaba da ajiya. Suna hannun ɗaya daga cikinmu, wanda ya buɗe nasa wurin horon a Kurna, da buhu na kanti da yara kusan talatin, har da masu ɗaukar kansu a waya suna sawa a intanet. Yana sa su ɗiban ruwa da yashe kwata yadda aka sa mu. Sai dai yana karɓar ɗan wani abu a wata daga hannun iyaye, wai kuɗin hayar wuri, kuma duk sanda muka haɗu a ɗaurin aure ko ta'aziyya sai mun yi musu a kan kuɗin nan. Ni in ce Kawu bai karɓa ba, shi ya ce Kawu bai biya haya ba.